Agustin da Pelajiyus: Wa Ya Fi Tausayin Mai Zunubi?

A ranar 1 ga Mayu na shekarar 418, bishop-bishop fiye da 200 suka hallara a birnin Kartaj, wanda kufansa ke gefen Tunis a yau, suka la'anci koyarwar wani malami mutumin Biritaniya mai suna Pelajiyus. Laifinsa a wurinsu shi ne ya koyar da cewa Allah ya halicci ɗan Adam da cikakken ikon barin zunubi, cewa jariri ba ya gadon laifin Adamu, kuma duk wanda ya ce ya kasa yin biyayya, ƙin yi ya yi, yana fakewa da rauni. Wanda ya fi kowa aiki wajen kayar da shi shi ne Agustin, bishop na Hippo, garin da ake kira Annaba a Aljeriya ta yanzu. Mai karatun wannan zamani, in ya ji labarin, yawanci zuciyarsa tana karkata ga wanda aka kayar, domin Pelajiyus yana faɗin abin da muka saba ji a makaranta da rediyo, wato mutum shi ke riƙe da linzamin rayuwarsa, Agustin kuwa ya yi kama da dattijo mai mummunan zato wanda ke hango dauɗa har a jikin jinjirin da aka haifa yau. Ni ban yarda da wannan rabo ba. A ganina, a kan ainihin tambayar da suka yi jayayya a kanta, Agustin ne ya fi sanin mutum, kuma koyarwarsa ce ta fi sauƙi ga wanda ya faɗi. Abin da ya sa maganar ta wuce tarihi shi ne, majami'u da yawa a arewacin Najeriya, waɗanda takardun bangaskiyarsu suka gaji ra'ayin Agustin, wa'azin Pelajiyus suke yi ranar Lahadi.

Ya kamata a fara yi wa Pelajiyus adalci, domin ba daga sama ya tsinci ra'ayinsa ba. Malaman Kirista na ƙarni na biyu da na uku sun rayu a cikin duniyar da ta cika da masu duban taurari, da masu falsafar cewa komai ƙaddara ce da ba a kauce mata, da ƙungiyoyin da ke raba mutane gida-gida tun daga haihuwa, wasu na ruhu waɗanda cetonsu tabbas ne, wasu na turɓaya waɗanda ba su da rabo. A gaban irin waɗannan, dole malamin Kirista ya tsaya a kan 'yancin zaɓi. Jastin Shahidi, a tsakiyar ƙarni na biyu, ya rubuta wa sarkin Roma cewa in ƙaddara ce ke sa wannan ya zama nagari wancan mugu, to babu mai cancantar yabo, babu kuma mai cancantar zargi. Ireniyus na Liyon, wajen shekarar 180, ya ɗauki Adamu a matsayin yaron da bai kai ga girma ba, wanda aka ruɗa cikin sauƙi saboda ƙuruciya, kuma a wurinsa tarihin ɗan Adam dogon raino ne har ya kai ga kamannin Allah. Orijin na Iskandariya, da ya zo kan ayar da ta ce Allah ya taurare zuciyar Fir'auna, ya bayyana ta da cewa rana ɗaya ce ke narkar da kaki ta kuma busar da laka. A Afirka ta Arewa kuwa wani tunani ne ya yi rinjaye. Wajen shekarar 253, da wani bishop mai suna Fidus ya nemi a riƙa jiran kwana takwas kafin a yi wa jariri baftisma, majalisar bishop-bishop 66 ƙarƙashin Sipriyan na Kartaj ta amsa cewa kada a jira, domin jaririn, ko da yake bai aikata komai ba, ya kwaso cutar tsohuwar mutuwa daga Adamu ta hanyar haihuwa. Kowane ɓangare ke nan yana da kakanninsa.

Pelajiyus ya zauna a Roma a daidai lokacin da Kiristanci ya tashi daga addinin waɗanda ake tsananta wa ya zama addinin gwamnati, kuma abin da ya gani bai yi masa daɗi ba. Manyan gidaje sun shigo coci da dukiyarsu da bayinsu da halayensu na da, kuma duk wanda aka yi wa magana sai ya ce ai shi nama ne da jini. Agustin da kansa ya ba da labarin yadda wani bishop ya karanta a gaban Pelajiyus wata addu'a daga littafin da Agustin ya rubuta na ikirarin rayuwarsa, inda yake roƙon Allah ya ba shi ikon abin da ya umarta, sannan ya umarci duk abin da ya ga dama. Pelajiyus ya fusata har ya kusa faɗa da mai karatun, domin a kunnensa addu'ar nan izinin lalaci ce. Hujjarsa tana nan a wasiƙar da ya rubuta wa Demetriyas, wata budurwa 'yar babban gida da ta fasa aure ta keɓe kanta ga Allah wajen shekarar 413, kuma hujja ce mai kaifi. Wanda ya ce ba zai iya kiyaye doka ba, in ji shi, yana zargin Allah da jahilci biyu, cewa bai san abin da ya halitta ba, bai kuma san abin da ya umarta ba. Allah mai adalci ba zai ɗora wa mutum abin da ya fi ƙarfinsa ba, balle ya hukunta shi a kan abin da ba shi da yadda zai yi. Bai musanta alherin Allah ba, kamar yadda ake yawan yi masa ƙazafi. Abin da yake nufi da alheri shi ne baiwar hankali da zaɓi da aka ba mu tun halitta, da Shari'ar Musa, da koyarwar Almasihu da misalinsa, da gafarar zunuban baya a cikin baftisma. Iyawa daga Allah take, so da aikatawa kuwa namu ne.

Maganar tana da daɗin ji har sai an bi ta zuwa inda ta nufa. In mutum yana da ikon zama marar zunubi, to zama marar zunubi ya wajaba a kansa, kuma kowane kuskure, babba ko ƙarami, taurin kai ne na ganganci da ba shi da uzuri. Masu son Pelajiyus na yau ba su cika faɗin wannan ba. Mutumin ba mai sassauci ba ne. A gaban majalisar bishop-bishop ta Diyospolis, a Falasɗinu, a shekarar 415 ya tsaya a kan maganarsa cewa ranar shari'a ba za a raga wa masu zunubi ba, wuta ta har abada ce makomarsu. Kiristan da yake nema shi ne gwarzon da ya yanke shawara sau ɗaya ya tsaya a kai, kuma ba abin mamaki ba ne da ya sami karɓuwa a cikin manyan gidajen Roma, mutanen da suka saba ba da umarni a bi, waɗanda ke da lokaci da littattafai da bayi masu ɗauke musu wahalar yau da kullum. Agustin kuwa limamin gari ne na bakin teku, yana wuni yana raba gardamar gado da ta gona, yana wa'azi ga masunta da manoma da matan aure da mazan da ba su rabu da giya ba. Ya shafe shekaru yana fafatawa da mabiyan Donatus, masu cewa Ikilisiya ta tsarkaka ce kaɗai, yana amsa musu da misalin gonar da alkama da ciyawa ke girma tare har ranar girbi, kuma yakan kwatanta Ikilisiya da masaukin da Basamariye ya kai mutumin da 'yan fashi suka raunata. Da ya ji Pelajiyus, sai ya gane tsohuwar murya a cikin sabuwar riga.

Abin da ya ba Agustin ƙarfi shi ne ya kalli kansa da idon da mutane kaɗan ke iya kallon kansu da shi. Ya ba da labarin yadda, yana ɗan shekara 16 a garinsu Tagast, shi da abokansa suka je cikin dare suka kakkaɓe wata bishiyar maƙwabci da ke kusa da gonar inabinsu. 'Ya'yan ba su da kyan gani, ba su da daɗi, a gidansu akwai waɗanda suka fi su, ba yunwa yake ji ba, ƙarshenta ma aladu suka zuba wa. Mutum na iya dariya a ce babban bishop yana juyayi a kan ɓarnar yara, amma tambayar da yake bi tana da nauyi: in ba 'ya'yan itacen nake so ba, me na so a cikin aikin nan? Abin da ya tarar shi ne daɗin yin abin da aka hana, da kunyar a ga ya ja baya a gaban tsara, har ya ce da shi kaɗai ne da bai yi ba. Ya kuma ambaci wani jariri da ya gani da idonsa, wanda bai fara magana ba tukuna, amma fuskarsa ta sauya yana hararar ɗan'uwansa da suke shan nono ɗaya, alhali nonon ya ishe su duka. Kowace uwa ta san wannan kallo. Babu wanda ya koya wa yaron kishi, bai ga mummunan misali ya kwaikwaya ba, kuma tun daga nan bayanin Pelajiyus, cewa zunubi yana yaɗuwa ne ta koyi da al'ada kawai, ya fara gazawa.

Mafi muhimmanci shi ne abin da ya same shi a Milan a shekarar 386. Yana ɗan shekara 31, hankalinsa ya riga ya gamsu cewa Kiristanci gaskiya ne, babu sauran hujjar da yake jira, amma ya kasa rabuwa da rayuwarsa ta sha'awa. Ya lura cewa zuciya tana umartar hannu ya motsa, nan take ya motsa, amma in ta umarci kanta ta so wani abu, sai ta bijire wa umarnin kanta. Ya bi diddigin sarƙar da ta ɗaure shi zobe bayan zobe: karkataccen so ya haifi sha'awa, sha'awar da aka biye wa ta zama sabo, sabon da ba a yi wa tirjiya ba ya zama tilas. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, sai dai a wurin Agustin mai wayo da wawa duk a turken suke. Pelajiyus ma ya san ƙarfin sabo, ya kira shi tsatsa da ta rufe kyakkyawar halitta, ya ce Shari'a ce magagarin da ke kankare ta. A nan hanyarsu ta rabu, domin a wurin Pelajiyus hannun da zai riƙe magagarin lafiyarsa ƙalau, a wurin Agustin kuwa hannun ne ya kamu. Agustin bai taɓa musun cewa muna da zaɓi ba. Abin da ya ce shi ne mutum yana zaɓar abin da yake so, amma ba shi da ikon zaɓar abin da zai ji yana so. Wanda ƙafarsa ta karye, ƙara yi masa kwatancen hanya ba zai kai shi gida ba, mai ɗori yake bukata. Alheri a ma'anar Agustin shi ne Ruhu Mai Tsarki ya zuba ƙauna a cikin zuciya, kamar yadda Bulus ya faɗa a Romawa sura 5, har nagarta ta zama abin marmari. Kuma bai ƙirƙiro wannan don ya kayar da Pelajiyus ba: tun wajen shekarar 396, sa'ad da yake amsa tambayoyin Simplisiyan na Milan a kan Romawa sura 9, ya sauya ra'ayinsa na farko, daga baya ya ce ya yi ta ƙoƙarin kare zaɓin ɗan Adam amma alherin Allah ya yi rinjaye.

Hujjar da nake ganin ba ta da amsa ita ce mafi sauƙinsu, wato addu'a. In ikon yana hannunmu gaba ɗaya, me ya sa muke roƙon kada a kai mu cikin jaraba, kuma me ya sa Ikilisiya take addu'a domin marasa bi su tuba, in ba ta gaskata cewa Allah yana juya zuciya ba? Majalisar 418 ta yanke cewa sa'ad da tsarkaka ke roƙon a gafarta musu laifofinsu, da gaske suke roƙo domin kansu, kuma duk wanda ya ce tawali'u ne kawai na fatar baki ya mai da su maƙaryata a gaban Allah. Bakinmu na yau da kullum yana ba da wannan shaida. Mai wa'azi, a coci ko a masallaci, yakan rufe da cewa Allah ya ba mu ikon aikatawa, uwar da ta gaji da yi wa ɗanta faɗa kuma takan ce Allah ya shirye shi. Maƙwabtanmu Musulmi ba su yarda da zunubin gado ba, domin Alƙur'ani ya ce wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani, Annabi Adamu ya tuba an karɓi tubarsa, kuma Allah ba ya kallafa wa rai sai abin da zai iya, wanda ya yi kusa ƙwarai da hujjar Pelajiyus. Duk da haka su ma sun yi tasu doguwar muhawara tsakanin Ƙadariyya da Jabariyya, daga baya tsakanin Mu'utazila da Ash'ariyya, kuma mafi yawan malamansu sun tsaya a kan cewa shiriya da dacewa daga Allah suke. Tambayar ko mutum yana iya gyara zuciyarsa da kansa ba ta addini ɗaya ba ce.

A nan ne maganar ta shafe mu kai tsaye. A majami'u da yawa, na ƙauye da na birni, akwai benci na baya inda wanda aka sa a horo ke zama, ko yarinyar da ta yi ciki ba aure, ko dattijon da aka kama da burkutu. Sakataren ikilisiya ya karanta sunan a gaban jama'a cikin sanarwa, a dakatar da mutum daga jibin Ubangiji na wasu watanni, yarinyar ta sunkuyar da kai ta ja gyale ta rufe fuska, wanda ya yi mata cikin kuwa sau da yawa babu wanda ya ambaci sunansa. Ban ce a soke horo ba. Abin da nake tuhuma shi ne tunanin da ke ƙarƙashinsa, cewa mu na bencin gaba mun tsaya ne domin mun zaɓi tsayawa, ita kuwa ta faɗi domin ta zaɓi faɗuwa, kuma kunya ita ce magani. Haka ake yi da saurayin da ƙwaya ta kama. A taron farkawa a ce ya yanke shawara yau, ya fito gaba, ya durƙusa, ya yi kuka, bayan mako biyu ya koma wa tramol, sai a ce dama bai yi da gaske ba. Da gaske ya yi. So biyu ne ke kokawa a cikinsa, irin kokawar da Bulus ya kwatanta a Romawa sura 7, inda nagartar da yake so ba ita yake yi ba. Fasto mai tunanin Pelajiyus ba shi da abin ba wa yaron nan sai ƙarin tsawa, domin a lissafinsa an riga an ba shi duk abin da yake bukata. Fasto mai tunanin Agustin ya san jinya ce mai tsawo da za ta nemi addu'a da likita da mutanen da ba za su gaji ba, kuma tambayar Bulus ga Korantiyawa, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba, ta hana shi ɗaga kafaɗa.

Akwai suka mai ƙarfi, kuma tun Agustin yana da rai aka yi ta. Wajen shekarar 426, a wani gidan sufaye da ke Hadrumetum, wato Susa ta Tunisiya, rikici ya tashi bayan an kawo kwafin wata wasiƙarsa, har aka sami mai cewa in komai alheri ne, kada shugaba ya ƙara tsawata wa kowa, ya yi masa addu'a kawai. Amsar Agustin ita ce tsawatarwa tana cikin hanyoyin da Allah ke amfani da su wajen farkar da mutum, kuma tunda ba mu san zuciyar da zai buɗe ba, sai mu gargaɗi kowa cikin ƙauna. Wannan amsa ta gamsar da ni. Wadda ta fi damuna ita ce ta dukiya. Mabiyan Pelajiyus a Sisili sun tsananta wa masu arziki, har ɗayansu ya rubuta cewa a kawar da mai arziki, ba za a ga matalauci ba, Agustin kuwa ya amsa da misalin Ibrahim da sauran kakannin bangaskiya masu dukiya, amsar da dole ta yi wa manyan gidaje daɗi. Haɗarin koyarwar rauni ke nan, tana iya zama inuwar manya. Mu ma mun iya wannan, domin karin maganar nan cewa ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, an fi tunawa da ita sa'ad da babban mai ba da gudummawa ya ci kuɗin jama'a, ba a cika tunawa da ita a kan yarinyar bencin baya ba. Amma wannan rabon tausayi ne bisa son zuciya, kuma koyarwar Agustin, in an bi ta da gaskiya, ita ce ta fi tona shi, tunda ta ajiye su biyun a layi ɗaya.

Inda ba zan bi Agustin ba shi ne kan jarirai, kuma wanda ya kama shi a nan shi ne Juliyan, matashin bishop na Eklanum a kudancin Italiya, ɗan wani bishop abokin Agustin. Agustin ya ga iyaye mata suna gudu da jarirai marasa lafiya zuwa coci don a yi musu baftisma kafin su cika, ya ce in babu zunubi a kansu, wace gafara ake nema musu? Daga nan ya bi lissafinsa har ƙarshe, ya ce jaririn da ya mutu ba baftisma yana ƙarƙashin hukunci, ko da yake mafi sauƙin hukunci. Juliyan ya ce wannan ya mai da Allah azzalumi mai tsananta wa jinjirai a kan laifin da ba su san da shi ba, kuma Allahn da ba shi da adalci ba Allah ba ne. Annabi Ezekiyel, a sura 18, yana bayansa, inda aka ce ɗa ba zai ɗauki laifin uba ba. Malaman Ikilisiyar Gabas, masu rubutu da Girkanci, ma ba su je inda Agustin ya je ba: Giregori na Naziyanzus ya ce irin waɗannan jarirai ba za a hukunta su ba, Yohanna Kirisostom kuma ya ce ana yi wa yara baftisma ko da yake ba su da zunubai. Gadon rauni da mutuwa abu ne da ido ke gani. Gadon laifin da ya cancanci wuta kuwa mataki ne da Agustin ya ƙara, kuma bai zama dole ga sauran koyarwarsa ba. A shekarar 2007 hukumar malaman tauhidi ta Fadar Paparoma ta fitar da takarda mai cewa akwai ƙwaƙƙwaran dalilai na sa zuciya ga ceton jariran da suka mutu ba baftisma, wato bayan shekara kusan 1,600 an ba Juliyan wani yanki na gaskiyarsa. Haka nan a tsufansa Agustin ya ƙuntata maganar zaɓaɓɓu har ya riƙa murɗa ayar 1 Timoti 2:4, mai cewa Allah yana so dukan mutane su sami ceto, don ta dace da tsarinsa. Ya rasu a watan Agusta na 430, mayaƙan ƙabilar Bandal suna kewaye da Hippo, bai gama rubuta amsarsa ta ƙarshe ga Juliyan ba.

Hanyar da aka bi aka ci nasara ma ba abin alfahari ba ce. Bishop-bishop 14 a Diyospolis sun wanke Pelajiyus a watan Disamba na 415. Paparoma Inosent ya goyi bayan mutanen Afirka a farkon 417, amma magajinsa Zosimus ya saurari Selestiyus, almajirin Pelajiyus, ya gamsu, har ya rubuta wa Kartaj yana zarginsu da gaggawa. Abin da ya juya lamarin shi ne dokar da Sarki Honoriyus ya fitar daga fadarsa ta Rabenna a Italiya ranar 30 ga Afrilu, 418, kwana ɗaya kafin zaman majalisar Kartaj, wadda ta kori Pelajiyus da Selestiyus daga Roma. Zosimus ya bi sahu, aka tuɓe Juliyan da wasu bishop-bishop wajen 18 da suka ƙi sa hannu a kan la'antar Pelajiyus. Juliyan ya yi zargin cewa mutanen Afirka sun kai dawakan Numidiya 80 ga manyan sojojin fada a matsayin toshiyar baki, kuma ko ba a gaskata zarginsa ba, abin da ya nema, wato a zauna a yi muhawara a gaban masana, ba a ba shi ba. Samun gaskiya a kan alheri bai halatta rufe bakin abokin jayayya da ƙarfin sarki ba.

Ikilisiyar Yamma da kanta ba ta haɗiye Agustin ɗungurungum ba. Sufayen kudancin Faransa, musamman Yohanna Kasiyan na Marsel, sun nemi tsaka-tsaki, suka ce wani lokaci Allah ne ke fara kama mutum, kamar Bulus a hanyar Dimashƙu da Matiyu a wurin karɓar haraji, wani lokaci kuma mutum ne ke fara ɗan motsi Allah ya tarye shi, kamar Zakka da ya hau itace da ɓarawon da ya yi roƙo a kan gicciye. Majalisar Oranj, a kudancin Faransa, ta shekarar 529, ƙarƙashin Sizariyus na Arl, wadda Paparoma Bonifas na Biyu ya tabbatar a 531, ta ƙi wannan rabo, ta ambaci ɓarawon da Zakka da Karniliyus, ta ce bangaskiyarsu ma kyauta ce, kuma ko marmarin a tsarkake mutum aikin Ruhu ne. Amma ta la'anci duk mai cewa Allah ya ƙaddara wani ga mugunta, ta kuma ce duk wanda aka yi wa baftisma, da taimakon Almasihu, yana iya yin abin da ya shafi cetonsa kuma ya wajaba ya yi, in ya dage da aminci. A kan Zakka ina tare da Oranj, domin in aka yarda cewa wasu sun fara da kansu wasu kuma sai da aka jawo su, an sake raba coci gida biyu, masu bencin gaba da masu bencin baya, sai dai a wannan karo an kai rabon can farkon tuba inda babu mai iya bincikawa.